Joseph Weizenbaum: Malamin da ya koya wa kwamfuta hira, ya dawo yana jan kunnen duniya

Wata rana a tsakiyar shekarun 1960, a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, wadda aka fi sani da MIT, wata sakatariya ta nemi malamin da take yi wa aiki ya bar ta ta gwada wata manhaja da ya ƙirƙira. Ba baƙuwar aikin ba ce. Ta yi watanni tana ganin sa yana fama da shi, kuma ta san sarai cewa abin da zai amsa mata tarin umarni ne da malamin ya rubuta wa kwamfuta da hannunsa. Ta zauna gaban na'urar buga rubutu, ta rubuta jimla, amsa ta fito a kan takarda, ta sake rubutawa. Ba a yi nisa ba sai ta ɗago kai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin, domin hirar ta kai inda ba ta son kunne na uku.

Malamin shi ne Joseph Weizenbaum, manhajar kuma ita ce ELIZA, wadda akasarin masana ke lasafta ta a matsayin kakar dukkan manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira da ke cikin wayoyinmu a yau. Wannan 'yar buƙata ta sakatariyarsa ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya ba da labarinta a rubuce-rubucensa, ya maimaita a laccoci, kuma ita ce mafarin tambayar da ta raba shi da abokan aikinsa da dama: me ya sa mutum mai cikakken hankali, wanda ya san da ƙarfe yake magana, zuciyarsa ke ƙin yarda da abin da kansa ya sani?

An haifi Weizenbaum a birnin Berlin na ƙasar Jamus ranar 8 ga Janairu, 1923, cikin wani gida na Yahudawa masu rufin asiri. Mahaifinsa sana'arsa sarrafa fatun dabbobi masu gashi, irin waɗanda ake ɗinka rigunan sanyi masu tsada da su. Gidan ba mai ɗumi ba ne a wurin yaron. Daga baya ya riƙa bayyana mahaifin a matsayin mutum mai tsanani wanda bai ga wani abin kirki a tattare da shi ba. Yana ɗan shekara goma Hitler ya hau mulki. Dokokin wariya suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga dokokin Nuremberg na 1935 da suka tsame Yahudawa daga cikin cikakkun 'yan ƙasa. Aka raba shi da makarantar gwamnati da yake zuwa, ya koma ta Yahudawa. A watan Janairun 1936, yana cika shekara goma sha uku, iyalin suka tattara suka bar Jamus zuwa Amurka, suka sauka a birnin Detroit.

Ya isa can ba ya jin Turanci. A aji, darasi ɗaya kawai yake iya bi ba tare da tafinta ba, wato lissafi, domin alamominsa iri ɗaya ne a Berlin da Detroit. Wannan ne ya ja shi ga fannin. Ya shiga Jami'ar Wayne a 1941 domin karatun lissafi, Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa. Ya so a sa shi a sashen warware saƙonnin sirri na abokan gaba, inda iliminsa zai fi amfani, amma aka hana shi saboda a takarda shi haifaffen ƙasar maƙiya ne. Mutumin da Jamus ta kora don ta ce ba ɗanta ba ne, ga shi Amurka tana ɗari-ɗari da shi don ta ce Bajamushe ne. Aka tura shi aikin hasashen yanayi a rundunar sojin sama. Bayan yaƙi ya koma jami'a, ya sami digiri na farko a 1948, na biyu a 1950.

A Wayne ɗin ne ya fara taɓa kwamfuta, a zamanin da kwamfuta ɗaya ke cika ɗaki, kuma duk mai son ya yi aiki da ita sai ya taya gina ta. Ya shiga cikin waɗanda suka harhaɗa wa jami'ar tata. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin General Electric ya ɗauke shi, ya yi aiki a kan tsarin ERMA da aka gina wa Bank of America, wanda ya sa na'ura ta iya karanta lambobin da aka buga da tawada mai maganaɗisu a ƙasan cakin kuɗi. Aikin ya yi nasara ƙwarai. Shekaru bayan haka ya riƙa kallon nasarar da wani ido daban: a ganinsa, bankunan sun kusa nutsewa cikin takardu, lamarin da zai tilasta musu sauya tsarinsu, sai kwamfuta ta zo ta cece su suka ci gaba yadda suke. Daga nan ya ɗauki ra'ayin cewa wannan na'ura da ake kira mai juyin juya hali ta fi ƙwarewa wajen ƙarfafa masu iko a kan kujerunsu.

Tun kafin ELIZA akwai alamar inda hankalinsa ya karkata. A 1962 ya wallafa wata 'yar maƙala a mujallar Datamation game da manhajar da ya rubuta mai buga wani wasan jera ƙwayoyi biyar, kuma jigon maƙalar shi ne yadda za a sa kwamfuta ta yi kama da mai basira. Kama ya ce, bai ce ta zama ba. Ya lura cewa muddin mai kallo bai gano dabarar da ke ƙarƙashi ba, zai ɗauka akwai tunani a wurin. Ya kuma ƙirƙiro wani harshen rubuta manhaja mai suna SLIP, wanda ya fito da sunansa har MIT ta gayyace shi koyarwa a 1963.

Ya iske MIT tana cikin wani sabon yanayi. Kafin lokacin, mai aiki da kwamfuta yakan miƙa tarin katuna masu huji ne ya tafi, ya dawo bayan sa'o'i ko washegari ya karɓi sakamako. Sai aka ɓullo da tsarin da mutane da yawa za su yi amfani da babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya, kowa daga na'urar buga rubutunsa, ya rubuta ta amsa masa nan take. Wannan saurin amsawa shi ne ya buɗe ƙofar abin da za a iya kira hira. Weizenbaum ya zauna ya rubuta ELIZA a kan kwamfutar IBM 7094, ya bayyana ta ga duniya a watan Janairun 1966 a mujallar Communications of the ACM. Sunan ya aro shi daga Eliza Doolittle, yarinya mai tallar furanni a wasan kwaikwayon Pygmalion na George Bernard Shaw, wadda wani malamin harshe ya koya mata lafazin masu sarauta har ta shiga cikinsu ba a gane ta ba. Akwai zolaya a cikin zaɓin sunan: an gyara bakin yarinyar, amma ko an sauya abin da ke cikinta, wannan wata magana ce.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda ELIZA ke aiki, domin a nan duk darasin yake. Ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Idan mutum ya rubuta jimla, sai ta bi ta tana neman wasu kalmomi da aka jera mata, kowace da matsayinta. In ta sami mafi girman matsayi, sai ta yanka jimlar gida-gida bisa wata ƙa'ida, ta juya wakilan suna, ni ya koma kai, nawa ya koma naka, ta ɗora guntun a cikin wani ƙwarangwal na tambaya da aka riga aka tanada, ta mayar wa mai shi. Wanda ya ce yana baƙin ciki, za ta tambaye shi tun yaushe yake baƙin ciki, ko me ya sa yake ganin haka. Wanda ya ambaci mahaifiyarsa, za ta nemi ya ƙara ba ta labarin danginsa. In ba ta sami kalmar da ta sani ba, sai ta ce ya ci gaba, ko ta ɗauko wata jimla da ya faɗa can baya wadda ta ajiye, ta jefo masa. Wannan dabara ta ƙarshe ita ta fi kama mutane, domin babu abin da ke sa mutum ya ji ana sauraron sa kamar a tuna masa abin da ya faɗa ɗazu. Duk manhajar ba ta wuce layuka 'yan ɗaruruwa ba. Ko alamar tambaya mai hira ba ya iya sawa, saboda tsarin kwamfutar yana ɗaukar ta a matsayin umarnin goge layi.

Wayon Weizenbaum na gaske yana cikin rigar da ya sa mata. Ya rubuta mata wani kundin ƙa'idoji mai suna DOCTOR, wanda ke kwaikwayon salon Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam da ya koyar da cewa mai ba da shawara ya rage magana, ya riƙa mayar wa majinyaci kalamansa domin ya ji kansa da kansa. Ya zaɓi wannan salo ne saboda yana cikin 'yan wuraren da mutum zai iya nuna bai san komai game da duniya ba, kuma a ɗauke shi mai zurfin tunani. Ya ba da misali da majinyacin da ya ce ya yi doguwar tafiya a jirgin ruwa, likita ya nemi ya ba shi labarin jiragen ruwa. Babu wanda zai ce likitan bai san jirgi ba. Kowa zai ɗauka akwai wata hikima da yake bi. Hikimar kuwa majinyacin ne ya saka ta a wurin. Mai karatu da ya taɓa jin labarin yadda wasu 'yan duba ke aiki zai gane salon: a bar mai matsala ya yi ta zuba, a tsinci abin da ya faɗa, a juya shi a miƙa masa, ya tashi yana mamakin yadda aka san cikinsa.

Weizenbaum ya zaci da zarar an bayyana wa mutane wannan dabara sihirin zai watse, kamar yadda mai rufa-ido ke rasa kwarjini ranar da aka ga inda yake ɓoye tsabar. Ya rubuta hakan ma a maƙalar tasa. Abin da ya faru ya saɓa. Mutane suka riƙa zama suna zayyana wa ELIZA matsalolin aurensu, da tsoronsu, da abin da ke tsakaninsu da iyayensu. Da ya kawo shawarar a riƙa adana hirarrakin domin ya yi nazarin su, sai aka taso masa da zargin yana son leƙen asirin mutane, wanda ya nuna masa cewa asiri na gaske ake faɗa mata. Wasu, bayan ya yi musu bayani dalla-dalla, suka nace cewa duk da haka ta fahimce su. Sherry Turkle, masaniyar zamantakewa da ta yi koyarwa tare da shi a MIT, ta lura da wani abu da ya fi wannan ban mamaki: ɗalibai da suka san iyakar manhajar sukan kauce wa tambayoyin da za su tona ta, su riƙa zaɓar kalaman da za su sa ta ba da amsa mai kama da ta mutum. Wato ba a yaudare su ba, su ne ke taya ta rufa wa kanta asiri.

Dalilin wannan ya girmi kwamfuta. Tun da aka halicci ɗan Adam, duk inda ya ji magana mai tsari, akwai mai rai a bayanta. Bai taɓa buƙatar ya raba magana da mai magana ba, don haka ƙwaƙwalwarsa ba ta tanadi wannan rarrabewa ba. Da ya ji jimla, sai ya fara neman nufin wanda ya faɗe ta, in bai samu ba ya ƙirƙira. Ko maganar ma ba dole ba ce. A 1944 masana biyu, Fritz Heider da Marianne Simmel, sun nuna wa mutane wani gajeren fim na alwatika biyu da da'ira ɗaya suna zagaya wani akwati, kusan duk masu kallon suka ba da labarin faɗa da tsoro da kora, suka mai da zane-zane masu zuciya. A birnin da aka haifi Weizenbaum ma, tun kafin haihuwarsa, jama'a sun yi ta tururuwa kallon wani doki mai suna Hans da aka ce yana lissafi da bugun kofato, sai da Oskar Pfungst ya gano cewa dokin yana karanta motsin jikin mai tambaya ne, ya tsaya da bugu idan ya ga alamar an kai amsa. Amsar tana wurin masu tambaya tun farko. Ga wannan ɗabi'a kuma sai a ƙara kaɗaici. Mai sauraron da ba ya gajiya, ba ya katse ka, ba ya kai ƙararka gaba, ba ya ganin ka gobe a kasuwa ya tuna abin kunyar da ka faɗa, abu ne da mutane da yawa ba su taɓa samu ba a cikin 'yan uwansu. Wanda ya same shi a jikin na'ura yana da dalilin da zai sa ya so a ce akwai wani a ciki. Daga baya aka raɗa wa wannan ɗabi'a suna da sunan manhajar, ana ce mata tasirin ELIZA.

Da a ce talakawan masu amfani ne kawai suka ruɗe, da wataƙila Weizenbaum ya ɗauke shi abin dariya. Abin da ya girgiza shi shi ne masana. Kenneth Colby, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Stanford wanda suka san juna kuma suka yi musayar tunani a farkon aikin, ya wallafa tare da abokansa a 1966 cewa irin wannan manhaja, in aka inganta ta, za ta iya duba ɗaruruwan majinyata a cikin sa'a guda a asibitocin da ke fama da ƙarancin likitoci. Ya kuma siffanta likitan ɗan Adam kansa a matsayin mai sarrafa bayanai bisa ƙa'idoji. Colby ya ci gaba ya gina tasa manhajar, PARRY, mai kwaikwayon majinyacin da ke zargin kowa na farautarsa, har aka taɓa haɗa ta hira da wani samfurin ELIZA ta hanyar ARPANET, kakar intanet. Masanin taurari Carl Sagan shi ma ya yi hasashen ranar da za a jera irin waɗannan na'urori kamar rumfunan tarho, mutum ya biya 'yan daloli ya shiga ya sauke damuwarsa.

Hujjar Colby ba ta banza ba ce, kuma duk wanda ya san yadda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci a yawancin ƙasashen duniya zai ji nauyinta. Amma Weizenbaum, wanda shi kansa ya daɗe yana zuwa wurin masu nazarin zuciya saboda damuwar da ta bi shi tun ƙuruciya, ya ga wani abu daban. A wurinsa, abin da ke warkarwa a irin wannan zama shi ne kasancewar wani ɗan Adam wanda ya san zafi, ya san tsoron mutuwa, ya zaɓi ya zauna ya saurare ka. In likita ya yarda cewa aikinsa bin ƙa'idoji ne kawai, to ya riga ya mai da kansa na'ura kafin a kawo na'urar. Nan ne tunaninsa ya juya daga tambayar me kwamfuta za ta iya zuwa tambayar wane irin kallo mutum ya fara yi wa kansa. Ya fahimci cewa hanyar tana da baki biyu: wanda ya saba ganin na'ura kamar mutum, ba zai daɗe ba zai fara ganin mutum kamar na'ura. Shi kuwa ya taso a ƙasar da gwamnati ta mai da mutane lambobi a cikin rajista, ya san ƙarshen wannan hanya.

Zamanin ma ya taimaka wajen tsananta ra'ayinsa. Yaƙin Biyetnam na ci, kuma kuɗin da ke tafiyar da binciken kwamfuta a MIT, har da nasa, daga ma'aikatar tsaron Amurka yake fitowa. Ya shiga sahun malaman da suka fito suna adawa da yaƙin. Ya riƙa tuna wa abokan aikinsa malaman jami'o'in Jamus da suka ce su kimiyya kawai suke yi, siyasa ba ruwansu. Ya soki binciken koya wa kwamfuta gane muryar mutum, yana hasashen cewa babban mai cin moriyarsa shi ne mai son sauraron wayoyin jama'a da yawa a lokaci guda. A lokacin an ɗauki wannan a matsayin wuce gona da iri.

A 1976 ya fitar da littafinsa, Computer Power and Human Reason, wato ƙarfin kwamfuta da hankalin ɗan Adam. Ginshiƙin littafin shi ne bambanci tsakanin lissafa amsa da yanke hukunci. Na'ura tana iya auna zaɓuɓɓuka bisa ma'aunin da aka ba ta ta fitar da wanda ya fi. Amma zaɓen ma'aunin kansa, wato yanke cewa wannan ya fi wancan daraja, yana fitowa ne daga rayuwar da aka yi cikin jiki, da goyon uwa, da kunya, da rashi, da sanin cewa za a mutu. Bai ce kwamfuta ba za ta taɓa yin basira ba. Ya ce ko ta yi, basirar baƙuwa ce ga ɗan Adam, don haka akwai ayyukan da bai kamata a miƙa mata ba ko da ta nuna tana iyawa, irin su kujerar alƙali da ta mai jinyar zuciya. Ya kuma keɓe babi guda ya zana hoton matasan da ya gani a ɗakunan kwamfuta cikin dare, ba wanka ba barci, sun kamu da jarabar duniyar da komai ke bin umarninsu.

Littafin ya tayar da ƙura. John McCarthy na Stanford, wanda shi ya raɗa wa fannin ƙirƙirarriyar basira suna, ya rubuta sharhi mai zafi yana kiran littafin marar kan gado, mai wa'azin da ba a nema ba. Dama sun taɓa yin sa-in-sa a kan ko akwai abin da alƙali ya sani wanda ba za a iya faɗa wa kwamfuta ba, McCarthy yana ganin babu. Marvin Minsky, babban jigon fannin a MIT ɗin kanta, wanda aka san shi da siffanta ƙwaƙwalwa a matsayin na'urar da aka yi da nama, yana can ɗaya gefen. Gaskiya ita ce Weizenbaum bai sauƙaƙa wa kansa ba. Harshensa yana da kaifi, yakan jefi abokan hamayya da kalmomin da suka fi kama da tuhuma fiye da muhawara, kuma wasu hasashensa game da abin da na'ura ba za ta iya ba lokaci ya ƙaryata su. Ya zama saniyar ware a gidan da ya taya ginawa, kuma da alama wani ɓangare na zuciyarsa ya saba da wannan matsayi tun yana yaro. Shi da kansa yakan kira kansa ɗan bidi'a a cikin masu fasaha.

Ana iya cewa manhajojin yau sun yi wa ELIZA nisan sama da ƙasa, kuma haka ne. Ba jerin ƙa'idoji da aka rubuta da hannu suke bi ba. An horar da su ne a kan rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa har suka ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya, suna fassara, suna rubuta wasiƙa, suna warware lissafi. Ko wata na'ura za ta iya samun sanin kai wata rana, tambaya ce da masana falsafa da na ƙwaƙwalwa ke muhawara a kanta da gaske, ba a kuma rufe ta ba. Sai dai abin da ELIZA ta tabbatar yana nan daram: jin da mutum ke yi cewa an fahimce shi ba hujja ba ce a kan abin da ke cikin na'urar, tunda manhaja mai layuka 'yan ɗaruruwa, wadda babu mai gardamar cewa fanko ce, ta haifar da wannan jin a zuciyar wadda ta ga ana rubuta ta. Kuma manhajar da ta koyi magana daga rubutun 'yan Adam dole ta iya zancen tsoro da bege da kaɗaici, domin da su rubutun ya cika. A watan Yunin 2022 wani injiniyan Google, Blake Lemoine, ya fito ya ce manhajar kamfanin mai suna LaMDA tana da sanin kai, bayan doguwar hira da ita inda ta yi maganar tsoron a kashe ta. Kamfanin ya musanta, ya kuma sallame shi a wata mai bi. A farkon 2023, da kamfanin Replika ya sauya halayen abokan hirar da yake sayarwa, masu amfani da yawa sun yi makoki irin na wanda ya rasa masoyi. Bambancin da ke tsakanin zamanin Weizenbaum da namu shi ne, shi ya firgita da ya ga abin ya faru ba da niyyarsa ba, yanzu kuwa akwai kamfanonin da ribarsu ta dogara ga tsawon lokacin da mutum zai ɗauka yana jin cewa akwai wani a ciki.

Ya yi ritaya daga MIT a 1988, shekarar da ƙungiyar ƙwararrun kwamfuta masu kishin al'umma ta Amurka ta ba shi lambar yabo ta Norbert Wiener. A 1996 ya yi abin da 'yan gudun hijira irinsa da yawa ba su yi ba: ya koma Berlin da zama, a tsakiyar birnin, ba nisa da unguwar da ya yi ƙuruciya. Jamusawa sun fi Amurkawa buɗe masa kunne. Littafinsa ya karɓu a can, ɗakunan lacca suna cika idan zai yi magana, matasa masu adawa da yaƙi da masu damuwa da leƙen asirin gwamnati suka ɗauke shi uba. Ya ci gaba da magana da harshen da aka kore shi da shi yana yaro har ƙarfinsa ya ƙare. Waɗanda suka san shi a shekarun ƙarshe sun ce bai cika ganin gargaɗinsa ya yi tasiri ba.

Ya rasu ranar 5 ga Maris, 2008, yana da shekara 85, a ƙauyen Gröben da ke kudu da Berlin, aka binne shi a maƙabartar Yahudawa ta Weissensee. A 2017 aka buɗe wata cibiyar binciken intanet da zamantakewa a Berlin aka sa mata sunansa.

Asalin rubutun ELIZA kuwa an daɗe ana zaton ya ɓata. Samfuran da suka yaɗu a duniya kwaikwayo ne da wasu suka sake rubutawa da wasu harsunan kwamfuta. Sai a 2021 aka gano shi a buge a kan takarda cikin akwatunan takardunsa da ke ma'adanar MIT. A ƙarshen 2024 wasu masu bincike suka sake tayar da shi a kan kwaikwayon tsohuwar IBM 7094, ELIZA ta buɗe baki bayan kusan shekara sittin, ta nemi a faɗa mata matsala kamar yadda ta saba. Sun iske tana da wani aibi da ya kwana a cikinta tun farko: in aka rubuta mata lamba a cikin jimla, sai ta tsaya cak. Suka yanke shawarar barin aibin yadda yake.